In sayar da doki da kayan hawana, ko in ci gaba da ajiya?

"Assalamu alaikum. Shekarata 46, ma'aikaci ne ni a Kano. Tun ina saurayi nake hawa, duk sallah a tawagar hakiminmu nake fita. Yanzu shekara 4 ke nan rabona da sa ƙafa a likkafa, ga ciwon baya, ga aiki, ga kuɗin makarantar yara. Har yau ina da doki ɗaya a turke wani yaro na kula da shi, da sirdi biyu, da akwati cike da kayan ado, da alkyabbar da mahaifina ya bari. Akwai kuma kyamarar Canon da gilasanta biyu da na saya a 2016 lokacin da sha'awar ɗaukar hoto ta kama ni, ita ma tana cikin jaka. Uwargida tana son ɗakin saboda yara sun girma. Zuciyata ta rabu biyu. In na sayar ina tsoron da-na-sani, ina kuma tsoron a ce na karye. In na bari, kullum kuɗi ne ke fita. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan, ya raya zuri'a. In na fahimce ka, kana tambaya ne ko lokaci ya yi da za ka rabu da kayan abin da ka so a da, kuma yanzu ba ka yi. Dillancin kayan hannu ne sana'ata, na daɗe ina tsayawa tsakanin mai sayarwa da mai saye, kuma kayan doki na cikin abin da ya fi ratsa hannuna. Masu zuwa da irin damuwarka kusan duk abu ɗaya suke yi: sai su tara doki, sirdi, kyamara da kayan gado su ɗaure su ƙulli guda, su ce ko dai a sayar duka ko a bar duka. Da yake zuciya ba za ta yarda ta rabu da duka ba, sai a bar duka, shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa. Ni shawarata ka kwance ƙullin. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da abin da yake yi a tsawon lokacin da kake jinkiri. Wani ci yake yi, wani lalacewa yake yi, wani yayinsa ke wucewa, wani kuwa ko shekara 30 ya yi a ajiye babu abin da zai same shi. Da wannan za ka yanke hukunci, tun kafin ka kai ga sanin ko ka bar hawa har abada.

Dokin shi ne na gaggawa

Na fara da shi don shi kaɗai ne mai rai a cikin lissafin, kuma shi kaɗai ne jinkirinka yake cutarwa a jikinsa. Doki yana cin abin da ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, tsakanin ciyawa, harawa, dusa da hatsi, ya sha ruwa bokiti-bokiti, musamman da bazara. Ga kanwa, ga gyaran kofato duk bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu, ga maganin tsutsar ciki, ga haƙƙin yaron da ke kula da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dako ya hau kan kowane buhun dusa da kowane damin harawa, kai ma shaida ne. Ka zauna da yaron yau, ku lissafa abin da ke tafiya a wata ɗaya ba tare da ragi ba, sannan ka ninka sau 48. Yawancin waɗanda na sa suka yi wannan lissafin sun tarar sun sayi dokin nasu sabo fiye da sau ɗaya a bakin turke.

Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Doki dabbar tafiya ce. Ingarman da ake ɗura wa hatsi yana tsaye wuri ɗaya, ba sukuwa, ba kilisa, sai ya yi ƙiba marar amfani, ƙafafu su riƙa kumbura, ciwon ciki ya riƙa kama shi, kofato ya lalace. Halinsa ma yakan canza: dokin da yaro ke ja da ragama a da, sai ka ga ya koma cizo da harbi, ranar da aka ɗora masa sirdi ya nemi ya zubar da mahayi. Sau da dama an kira ni in ga doki, mai shi yana ta ba ni labarin yadda yake rangaji a Hawan Daushe shekarun baya, ni kuwa abin da nake gani a gabana dabba ce da ta gaji da tsayuwa, gashinta ya dushe, kofatonta ya yi tsawo har ya fara tanƙwarewa. Abin yana taɓa ni ƙwarai, don na san mai shi ba mugunta ce ta sa ya yi hakan ba, so ne.

Ga kuma shekaru. Doki mai samun kulawa yana iya kai shekara 25 zuwa 30, amma masu saye don hawa sun fi neman wanda ke tsakanin 5 da 12, kuma ba bakinka za su saurara ba, bakin dokin za su buɗe su duba haƙora. Idan ka yi shekaru kana hawansa kafin waɗannan huɗun da ya yi a tsaye, to ya kusa fita daga shekarun da ake rububi, ko ya riga ya fita. Duk sallar da ta wuce, masu tayi raguwa suke yi. Damina kuma kowace shekara tana zuwa da ƙwari da cututtukan da suke yaɗawa, doki yana iya kwana lafiya ya wayi gari ba ya tashi.

Saboda haka a kan doki ba ni da kokwanto: ya bar turkenka a bana. Hanyar da zai bi ce take hannunka. Kana iya sayarwa kai tsaye. Kana iya miƙa shi ga wani matashi a tawagarku da ke da ƙarfin ciyarwa amma ba shi da kuɗin saye, a kan shi zai ci da shi ya motsa shi, dokin yana nan naka. Wannan hanya tana da daɗin ji, sai dai ita ce ta fi haifar da rigima, don haka a yi ta gaban shaidu, a faɗi wanda zai biya magani da abin da za a yi idan dokin ya mutu ko ya karye. Kana kuma iya kyautar da shi, amma ka zaɓi hannun da za ka sa shi da kyau, don kyauta irin ta sadaka ba a komawa kanta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ba da doki saboda Allah, wanda aka bai wa ya wofintar da shi, Umar ya so ya saye shi da araha, Manzon Allah (SAW) ya hana shi. In dai ka san za ka riƙa leƙawa kana jin zafin yadda ake riƙonsa, gara ka sayar wa wanda ya san darajarsa.

Idan bayanka ya warke kuma hawa ya sake kiranka fa? Doki ana samu. Kasuwannin dabbobi irin su Maigatari da Mai'aduwa ba su daina kawo dawaki ba, a cikin gari ma akwai masu ba da haya lokacin sallah. Abin da za ka tara na shekara biyu da ba ka ciyar ba zai kai ka wani wuri a kuɗin sabo, mai ƙuruciya ma ba irin naka da zai ƙara tsufa kafin lokacin ba.

Abin da ke cikin akwati

Nan kuma sai an bi a hankali, don a cikin akwati ɗaya akwai abin da ke mutuwa da abin da ba ya mutuwa. Ranar Asabar ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka fito da komai a hasken rana. Kafin ka taɓa komai, ka duba ƙasan akwatin. Idan ka ga gari-gari mai laushi kamar an niƙa itace, ƙwaro ya shiga icen sirdi. Idan ka ga ƙananan ɓawo da zare-zare a lungun jalala (adon da ake rufa wa sirdi) ko mulufi (jan ƙyallen ulu), asu ne. Warin da zai buge ka da ka ɗaga murfi ma labari ne: fata mai lafiya ƙanshin fata take yi, wadda danshin damina ya kama kuwa warin fumfuna take yi, za ka ga fari-fari ko kore-kore a kanta.

Yanayinmu ba ya raga wa fata. Damina ta jiƙa ta, hunturu ya busar da ita har ta yi tauri, kuma abin da ke tsare ta daga duka biyun shi ne hannu: a shafa mata mai, a lanƙwasa ta, gumin doki ya ratsa ta, a goge. Ɗauki igiyar likkafa ka ninka ta biyu da ƙarfi. Idan ƙananan tsaga suka buɗe a bayan ninkin, ta gama aiki, kuma haɗari ce ga duk wanda zai tsaya a kanta yana sukuwa. Haka za ka yi wa majayi (ɗaurin da ke riƙe sirdi a jikin doki) da kamazuru (igiyar linzami). Shi kuwa sirdi, ka kama gabansa da hannu ɗaya, bayansa da ɗaya, ka matsa kamar za ka haɗa su. In ya yi ƙara ko ya motsa, icen ya sami matsala, kuma sirdi mai karyayyen ice yana yi wa doki gyambo a baya.

Na sha buɗe akwatin da aka rufe shekara biyar ko shida da niyyar adanawa, mai shi yana tsaye yana jiran in faɗi kuɗi mai kauri, sai mu tarar ɓera ya ci gefen zubuka (shimfiɗar ƙarƙashin sirdi), asu ya huda jalala, ɗan kai (adon kan doki) ya bushe yana karyewa a hannu. Aikin da baduku ya yi makonni yana ɗinkawa ya tafi a banza, bai yi wa mai shi amfani ba, bai yi wa wani ba. Da an fitar da su tun suna da rai, da yanzu suna kan wani doki a Ƙofar Kudu.

To, kayan fata da na ulu da na zare, in dai ba za ka iya fito da su sau biyu a shekara ka shanya a inuwa, ka kakkaɓe, ka shafa wa fatar man kaɗe ba, ka sayar da su yanzu da sauran ƙarfinsu. Sirdi biyu kuwa ko mai hawa kullum ɗaya yake ɗorawa. Ka fitar da ɗaya ko da ka yanke shawarar riƙe ɗayan.

Ƙarfe daban ne. Likkafar tagulla, linzami, kaimi, ƙararrawa, duk abin da maƙeri ya ƙera, ba ya tsoron asu ko ɓera. In ka goge ka naɗe a tsumma busasshe, jikanka zai same shi yadda ka bar shi. Ba ya cin wuri, kuma tsohon aiki mai nauyi sau da yawa ya fi na yanzu kyau, shi ya sa masu sani ke nemansa. Waɗannan babu gaggawa a kansu ko kaɗan. Abin da kawai zan ja kunnenka a kai, kada ka bari mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗora maka su a sikeli. Kuɗin nauyi zai ba ka, aikin hannun da ke jiki kuwa ya tafi kyauta. Ka kai wa masu kayan doki a Kasuwar Kurmi su gani, mutum biyu ko uku daban-daban. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma har yau akwai dattawan da daga ɗaga likkafa za su gaya maka ko tsohon aiki ne.

Ka lura da abin da ya fito daga wannan rabon: abin da ya fi cin ɗaki shi ne mai lalacewa, abin da ya cancanci ajiya kuma ƙaramar jaka ta ishe shi. Uwargida za ta sami ɗakinta ba tare da ka rabu da komai da ba za ka iya mayarwa ba.

Alkyabbar mahaifinka

Wannan ka cire ta daga maganar ciniki gaba ɗaya. Abin da kasuwa za ta ba ka a kan tsohuwar alkyabba ba zai kai ko kusa da abin da take a wurinka ba, kuma ita ce abu ɗaya a ɗakin da kuɗi ba zai dawo maka da shi ba in ya fita. Ka ba ta kulawar da ta dace: a kakkaɓe, a sha iska a inuwa, a naɗe cikin farin ƙyalle na auduga, kada a sa a leda don leda tana riƙe danshi, a jefa kafur a gefe, a riƙa buɗewa bayan kowace damina.

Tambaya ɗaya dai zan yi maka, kada ka ji haushi. Ka ce mahaifinka ya bari. An raba gado ta faɗo a kasonka, ko ya ba ka tun yana raye, ko kuwa tana wurinka ne kawai don kai ne mai hawa a gidan? Idan na ƙarshen ne, to da haƙƙin sauran magada a cikinta, har da mata, kuma haka duk wani abin da ke akwatin wanda asalinsa na marigayin ne. Na ga cinikin da aka gama, aka biya, sannan ƙanin mai sayarwa ya zo ya ce likkafar ta babansu ce. Ka warware wannan da 'yan'uwanka tun ana dariya.

Kyamara, da ruɗin da naira ke jawowa

Jikin kyamara yayi ne da shi. Taka ta 2016 mai yiwuwa irin mai madubi a ciki ce, kuma tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga sabon samfurin da ba shi da madubin, can ne sabbin kayansu suke fitowa. Wayoyin hannu kuma sun cinye aikin da ƙananan kyamarori ke yi. Duk da haka tana da masu so: matasan da ke fara ɗaukar hoton biki da suna suna neman irinta, don sabuwa ta fi ƙarfinsu. Jikin dai kowace shekara baya yake yi, batirinsa ma yana mutuwa ko ana amfani da shi ko ba a yi.

Gilasan sun fi jikin riƙe daraja, domin da ɗan abin haɗi ana ɗaura tsofaffin gilasan Canon a kan sababbin kyamarorinsu. Maƙiyinsu danshi ne. Cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta ciki, ka duba ta ɗaya gefen. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ko reshen bishiya siriri a jikin gilashin, fumfuna ta shiga, kuma tana ci gaba da yaɗuwa muddin yana cikin jaka a ɗaki mai duhu. In ka same shi garau, ka yi sa'a, kada ka sake gwada sa'ar da wata daminar.

Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. A 2016 dala ba ta kai naira 500 ba ko a kasuwar bayan fage, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Don haka mai yiwuwa a taya kyamararka da kuɗin da ya kai abin da ka biya, ko ya fi. Kada ka ɗauka riba ka ci, nairar ce ta rage nauyi. Kada kuma ka tsaya kan abin da ka kashe a da ka ce sai an ba ka kwatankwacinsa a yau. Wancan kuɗin ya tafi tun ranar da ka biya, ka kuma ci moriyarsa a hotunan da ka ɗauka. Mai saye ba ruwansa da tarihin kayan, abin da yake dubawa shi ne nawa zai sami irinsa a wani wuri.

Wannan faɗuwar naira tana da wani gefen da ya shafi dukan kayanka, ba kyamara kaɗai ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. A irin wannan yanayi kuɗi a hannu kamar ƙanƙara ne a rana. Wanda ya sayar da kaya bai san abin da zai yi da kuɗin ba, cefane da biki da ɗan'uwa mai neman rance za su raba su cikin wata biyu, ya tashi ba kaya ba kuɗi. Daga nan ne mafi yawan da-na-sanin da na gani yake fitowa. Da wuya ka ji wanda ya sayar da doki ya biya kuɗin makarantar shekara guda, ko ya rufa ɗaki da kwano, yana kukan dokin. Mai kukan shi ne wanda in ka tambaye shi ina kuɗin ba zai iya nuna maka komai ba. Saboda haka tun kafin ka kira dillali, ka sa wa kuɗin suna, kuma ranar da suka shigo su wuce inda aka nufe su.

"A ce na karye"

Ba zan ce maka wannan tsoro ba komai ba ne. A garinmu doki ba dabba ce kawai ba, ana ganin turke a ƙofar gida ana sanin gidan wane ne, kuma ranar da aka ga babu shi za a yi magana. Sai dai maganar ba ta wuce mako biyu, kuma masu yin ta babu wanda zai kawo maka damin harawa ɗaya. Waɗanda suka san doki kuwa, wato mutanen da ra'ayinsu ya kamata ya dame ka, sun fi ganin girman wanda ya sallami dokinsa yana da ƙoshin lafiya a kan wanda ya bar shi ya lalace a ɗaure.

Yadda aka yi abin ma yana rage surutu. Ka fara zuwa wurin hakiminku ko wanda ke jagorantar tawaga, ka gaya masa da bakinka cewa bayanka ya hana ka hawa, kana son dokin da kayan su tafi hannun na gida. Wannan girmamawa ce, kuma sau da yawa a nan ake samun mai saye ba tare da an kai kasuwa ba. Zumuncin da ka gina a shekarun nan ba a cikin akwati yake ba. Wanda ya san yadda ake naɗa rawani ya zauna daram a kan doki, ya san yadda ake ɗaura sirdi da jera mahaya, ana bukatarsa ranar hawa ko da a ƙasa yake tsaye. Yara masu tasowa suna neman mai nuna musu.

Game da ko ka bar hawa ke nan har abada, ni ba zan iya yanke maka ba, likitan da ke duba bayanka ya fi ni sanin rabin amsar. Ɗayan rabin kuma ka tambayi kanka abin da kake ji da safiyar sallah in ka ji tambari da algaita. Akwai wanda jikinsa ke tsuma har ya kasa zama, akwai wanda yake jin daɗi ya kalla daga gefe ya koma gida ya ci abincinsa. In kai na farko ne, riƙe sirdi ɗaya da ƙarafan, ka kula da su da gaske. In na biyu ne, babu abin kunya a ciki, mutum yana girma ya bar abin da ya so.

Lokaci da hanyar sayarwa

Kayan hawa kasuwarsu tana da lokaci. Daga Sha'aban zuwa tsakiyar azumi ake neman doki da kayansa, sai kuma makonnin da ke gaban babbar sallah. Wanda ya fitar da nasa mako ɗaya bayan sallah ya haɗu da masu neman rage ciyarwa irinsa, farashi a ƙasa. Ka ba yaron wata ɗaya ko biyu ya riƙa fita da dokin kullum da safe, a gyara kofato, a ba shi magani, a wanke shi, kafin kowa ya zo gani. Ka kuma sa a ranka cewa kasuwar Kano ta yi sanyi a 'yan shekarun nan: korona ta hana hawa a 2020, sannan 'yan sanda suka hana shi a babbar sallar 2024 da kuma 2025 saboda rikicin masarauta. Al'adar dai ba mutuwa take yi ba, a Disambar 2024 ma UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Amma kada ka tsaya ga masu tayin cikin gari kaɗai. Zariya, Haɗeja, Dutse, Bauchi, Bida, duk akwai mahaya, kuma dillalin da ya san aikinsa yana da mutane a can.

In za ka bi ta dillali, ku yanke la'ada tun farko, ka kuma nemi a haɗa ka da mai saye ido da ido ranar biya, don ka ji da kunnenka nawa aka sallama. Kada ka sayar da akwati a dunƙule. Mai sayen dunƙule kuɗin abu biyu masu kyau yake biya, sauran ya kwashe a matsayin gyara. Tayin farko ka ce albarka, ka ji na biyu da na uku. Kyamara kuwa ta fi saurin tafiya a Facebook ko Jiji ko zaurukan masu hoto na WhatsApp. Ka cire katin ajiyar hotunanka, ku haɗu a wurin da jama'a suke, kuma kada kaya su bar hannunka don an nuna maka alat a waya, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. Bashi kuma, musamman ga na gida, in ba za ka iya yafewa ba kada ka fara.

Duk aibin da ka sani ka faɗa. In dokin yana harbi, ko ya taɓa ciwon ƙafa, ko gilashi ɗaya yana da tabo, ka nuna tun kafin a tambaya. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma a shari'a mai saye yana da damar dawo da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ko ta fuskar kasuwa ma, na ga mai saye ya ƙara kuɗi don kawai mai kaya ya fara nuna masa inda matsala take, sai ya yarda da sauran maganarsa.

Ta ɓangaren zakka, dokin hawa da kayan amfanin kai babu zakka a kansu muddin suna matsayin kayan amfani, wannan ya zo a hadisi ingantacce game da doki. Da zarar sun zama kuɗi kuwa, hukuncin kuɗi ya hau kansu in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo suna hannunka. Yadda za ka haɗa lissafinsu da sauran dukiyarka, wannan ka kai wa malaminku, fagensa ne.

Farashi ne kaɗai ba zan faɗa maka daga nan ba, don ban ga kayan ba, kuma duk wanda ya yanka maka kuɗin doki bai buɗe bakinsa ba, bai ga tafiyarsa ba, cika baki kawai yake yi. In kana son ƙiyasi na kusa, ka sa a ɗauki hoton haƙoran dokin da kofatansa huɗu, da ɗan bidiyon yana tafiya ana jansa a fili, da hoton cikin sirdi ta ƙasa inda yake taɓa baya, da lambar samfurin kyamarar da rubutun da ke zagaye da bakin kowane gilashi. Da waɗannan duk wani dillali mai gaskiya zai iya gaya maka tsakanin nawa da nawa za ka sa rai, kafin Sha'aban ya kama.